Tsakanin Hazo da Hadari: Halin Matafiyin Jirgin Sama Daga Kano

Tafiyar jirgin sama daga ƙasar Hausa tana da lokutan wahala biyu a shekara, kuma kowane ɗayansu yana da irin yadda yake tsayar da matafiyi. Na farko shi ne hunturu, wanda yakan faro daga ƙarshen Nuwamba ya kai tsakiyar Maris, lokacin da hazo kan lulluɓe sararin sama har matuƙi ya kasa hango titin da zai sauka a kai. Na biyu kuwa damina ce, musamman farkonta da ƙarshenta, lokacin da hadari kan taso daga gabas da iska mai ƙarfi da tsawa. Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, wanda shi ne mafi daɗewa a Nijeriya domin jiragen fasinja sun fara sauka a Kano tun 1936, yana cikin yankin da waɗannan yanayi biyu suke da ƙarfi, kuma daga gare shi ne 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Guangzhou, da masu umara, da ɗalibai, da marasa lafiya masu neman magani a Masar ko Indiya suke tashi. Mafi yawansu ba kai tsaye suke isa inda za su ba: sai sun ya da zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, wasu ma sai sun fara biyawa ta Abuja ko Legas. Shi ya sa jinkirin awa biyu a Kano kan iya zama asarar kwana biyu a wata ƙasa, domin jirgi na biyu ba ya jiran wanda na farko ya makarar.

Ƙurar da ake kira hazo ba daga kusa take tasowa ba. Babban tushenta shi ne kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda a da can ƙasan wani babban tafki ne da ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iskar arewa maso gabas takan matsu tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara gudu, ta kwashi wannan ƙura ta yi sama da ita, sannan ta bazu da ita a kan Nijar da Nijeriya har gaɓar teku. Idan ƙurar ta tashi a Chadi yau, cikin kwana ɗaya ko biyu sai a gan ta a Damagaram da Maiduguri da Kano, kuma wannan tazara ce ke ba Hukumar Hasashen Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, damar fitar da gargaɗi kafin isowarta. Abin da ya bambanta hazo da sauran yanayi shi ne daɗewa: ba ya wucewa cikin awa guda, yakan zauna kwanaki, kuma yakan rufe filayen jirgi da yawa a lokaci ɗaya, ta yadda jirgin da ya kasa sauka a Kano ba lalle ne ya sami Kaduna ko Katsina a buɗe ba.

Ko jirgi zai sauka cikin hazo ko ba zai sauka ba, ba ƙarfin zuciyar matuƙi ne ke yanke hukunci ba, lissafi ne da aka riga aka rubuta. Kowane titin jirgi yana da mafi ƙarancin nisan gani da aka yarda a sauka da shi, kuma wannan adadi ya dogara ne ga na'urorin da aka girka a filin. Babbar na'urar ita ce wadda ake kira ILS, mai aika sigina ta rediyo da ke nuna wa jirgi tsakiyar titi da kuma gangaren da zai bi har ya taɓa ƙasa. Tana da matakai uku. A mataki na ɗaya ana buƙatar matuƙi ya iya gani har kimanin mita 550 a kan titin, kuma idan ya sauko zuwa ƙafa 200 daga ƙasa bai hango fitilun titin ba, wajibi ne ya ƙara wuta ya koma sama; a mataki na biyu da na uku ana iya sauka da ganin da bai kai haka ba, amma da sharaɗin jirgin yana da kayan da suka dace, matuƙan kuma sun sami horo na musamman, na'urar ƙasa kuma an gwada ta an tabbatar da daidaitonta. A watan Fabrairun 2020 an ga abin da rashin cikar sharaɗi na ƙarshe ke haifarwa, lokacin da hazo ya sauka a Legas alhali sabuwar na'urar filin jirgin Murtala Muhammed ba a kammala gwada ta ba, sai jiragen ƙasashen waje da dama suka karkata zuwa Accra, fasinjoji kuma suka yi kwanaki a Ghana ba da niyyarsu ba. Wannan ya nuna cewa ba kowane jinkirin da aka ɗora wa yanayi ne yanayi kaɗai ya jawo shi ba; wani kaso nasa na hukumomin da ke da alhakin sayen kayan aiki da kula da su ne, kuma matafiyi yana da haƙƙin ya san haka.

Hadarin damina al'amarinsa dabam ne, gajere ne amma ya fi haɗari. A yankin Sahel gizagizan ruwa sukan jeru su yi layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, su riƙa tafiya daga gabas zuwa yamma, kuma tsayinsu kan wuce kilomita 15, wato sama da inda jiragen fasinja ke shawagi, don haka ba a haye su, sai dai a kewaye. A cikinsu akwai iska mai hawa da mai sauka da ƙarfi, da ƙanƙara, da walƙiya, shi ya sa ƙa'idar da aka saba koya wa matuƙa ita ce su bar tazarar kimanin kilomita 37 tsakaninsu da babban hadari. Mafi munin abin da ke tattare da shi ga jirgin da ke kusa da ƙasa shi ne juyawar iska ta farat ɗaya: iska mai sanyi ta faɗo daga cikin girgije, ta bugi ƙasa, ta watsu ta kowane ɓangare, sai jirgin da ke fuskantar iska ya tsinci kansa iskar tana bin bayansa cikin daƙiƙoƙi, fikafikansa su rasa abin da ke ɗaga su a daidai lokacin da ba shi da tsayin da zai gyara. Ko a ƙasa ma, idan ana walƙiya kusa da fili, akan dakatar da zuba mai da loda kaya, domin ma'aikatan da ke tsaye a fili su ne mafi kusa da haɗari.

Nijeriya ta biya kuɗin wannan darasi da rayuka. Ranar 10 ga Disamba 2005 jirgin kamfanin Sosoliso da ya taso daga Abuja ya faɗi yana ƙoƙarin sauka a Fatakwal cikin hadari, mutum 108 suka rasu, kimanin 60 daga cikinsu ɗaliban makarantar sakandare guda ne masu komawa gida hutu. Ba a cika shekara ba, ranar 29 ga Oktoba 2006, jirgin kamfanin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, kuma binciken da aka yi ya danganta haɗarin da tashi cikin mummunan yanayi da juyawar iska. Wanda ya san waɗannan ranaku biyu ba zai ɗaga murya a kan matuƙin da ya ƙi tashi ba. Abin baƙin ciki ne a ga fasinjoji sun taru suna zagin ma'aikata, wani lokaci har da tare ƙofar shiga wani jirgin, saboda an ce a jira hadari ya wuce, alhali matuƙin da ya ce a dakata yana kare rayukansu ne da nasa, kuma kamfaninsa asara yake yi a kan kowace awa da jirgin ya yi a ƙasa.

Sai dai fushin fasinja yana da dalili, domin sau da yawa yakan duba sama ya ga ta yi garau, a kuma ce masa yanayi ne ya hana tafiya. Bayanin wannan yana cikin yadda kamfanoni ke juya jiragensu. Jirgi ɗaya ne kan tashi daga Legas da sassafe ya je Abuja, ya wuce Kano, ya dawo Abuja, ya sake wata tafiyar kafin dare, don haka ruwan da aka yi a Legas da safe shi ne ke zaunar da mutumin Kano da la'asar. A kan wannan kuma akwai dokar da ta ƙayyade awannin da matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi za su yi suna aiki kafin su huta, ta yadda idan jira ya cinye lokacinsu, ko sama ta washe ba su da izinin tashi sai an kawo wasu. Sannan filayen jirgi da dama a Nijeriya ba sa aiki bayan faɗuwar rana saboda rashin fitilun titi, wanda ke nufin jinkirin da ya kai magariba ya zama sokewa. Daga nan ne masu yawan tafiya suka ɗauki al'adar sayen tikitin jirgin farko na safe, domin jirgin ya riga ya kwana a filin, jinkirin ranar bai fara taruwa ba, hadari kuma ya fi yawan tasowa da yamma da dare. Abin da ba shi da uzuri shi ne shirun kamfanoni. Matafiyin da aka gaya masa gaskiya cewa jirginsa yana Abuja bai ma taso ba zai iya kiran wanda zai tarye shi, ya sake shiri, ya ci abinci, ya yi salla cikin natsuwa, amma wanda ake ce masa ya ƙara haƙuri na minti talatin sau bayan sau an raba shi da damar yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Babban abin da ke raba matafiyin da ya makara ya tsira da wanda ya makara ya yi asara shi ne irin tikitin da ke hannunsa, kuma wannan hukunci ne da aka yanke tun ranar saye, ba ranar tafiya ba. Idan dukan zangunan tafiyar suna kan tikiti ɗaya, ƙarƙashin lambar ajiya ɗaya, to kamfanin ya ɗauki alkawarin kai mutum har ƙarshen tafiyarsa, kuma idan jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi, nauyinsa ne ya sanya fasinjan a jirgi na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba, kayansa kuma a bi da su har can. Amma idan tikiti biyu ne dabam, misali na cikin gida daga Kano zuwa Legas a wani kamfani, da na ƙasar waje daga Legas a wani, to kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba, kuma a wurinsa fasinjan mutum ne da bai zo ba kawai. Akan caje shi tarar rashin zuwa da bambancin farashi, ko ma tikitin ya mutu gaba ɗaya idan mai rahusa ne, kuma a ƙa'idar yawancin kamfanoni rashin hawa zangon farko yana soke sauran zangunan, har da na dawowa. Mutane da yawa ba sa sanin wane iri suke riƙe da shi, domin ejan ne ya saya musu ya turo takarda ɗaya ta WhatsApp, alhali a cikinta lambobin ajiya biyu ne. Ejan nagari yakan bayyana wannan tun kafin a biya kuɗi, ya kuma sanya lambar wayar matafiyin a cikin ajiyar maimakon tasa, domin saƙon sauyin lokaci ya isa ga mai tafiya.

Wanda dole ta sa ya raba tikiti, maganinsa tazara ce mai faɗi. A Legas ginin jiragen cikin gida da na ƙasashen waje ba a haɗe suke ba, sai an karɓi kaya an fita an shiga mota, kuma cunkoson Ikeja bayan ruwan sama sananne ne, ga shi kuma kantar karɓar kaya ta jiragen waje takan rufe kimanin awa guda kafin tashi. A watannin hazo da na hadari, isa garin da jirgin waje zai tashi tun ana gobe, ko da za a biya kuɗin masauki, ya fi arha a kan sayen sabon tikiti a ranar tafiya.

Game da haƙƙin fasinja, dokoki sun bambanta diyya da kulawa, kuma rashin fahimtar wannan bambanci ne ke sa wasu su nemi abin da ba nasu ba, wasu kuma su bar abin da yake nasu. Diyya ita ce kuɗin da ake biya saboda ɓata lokaci, kuma kusan ko'ina ba a biyan ta idan dalilin jinkirin abu ne da ya fi ƙarfin kamfani, kamar hadari ko hazo. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Nijeriya ta shigar cikin dokarta ta sufurin jiragen sama, ta ɗora wa kamfani alhakin asarar da jinkiri ya jawo, sai dai idan ya nuna cewa ya yi duk abin da ya kamata don kauce mata. Kulawa kuwa ita ce abinci da abin sha da damar sadarwa da wurin kwana. Sashe na 19 na ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, wato NCAA, ya tanadi cewa a tafiyar cikin gida a ba fasinja ɗan abin taɓawa idan jinkiri ya kai awa biyu, ya sami damar karɓar kuɗinsa idan ya kai awa uku, a kuma ba shi masauki idan jiran ya faɗa tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba. A Tarayyar Turai doka mai lamba 261 ta 2004 ta sanya diyyar Yuro 250 zuwa 600, wadda mummunan yanayi ke ɗauke ta, amma wajibcin abinci da otal yana nan ko mene ne dalili, kuma ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasashen Tarayyar ko na wane kamfani ne. A Amurka kuwa babu dokar da ta tilasta wa kamfani ba da otal saboda yanayi. Duk wanda zai nemi haƙƙinsa daga baya, ko daga kamfani ko daga inshorar tafiya, yana buƙatar katin shiga jirgi da rasit na abin da ya kashe da rubutacciyar shaidar dalilin jinkirin, kuma a wurin ake neman wannan shaida, ba bayan an koma gida ba.

Zango a ƙasar waje yana da tasa matsala, wadda ta fi tsanani ga mai fasfon Nijeriya ko Nijar, domin otal yana wajen fili, fita kuma tana buƙatar biza. A Addis Ababa kamfanin jiragen Habasha ya saba shirya wa masu dogon jira izinin wucewa da masauki, amma a filayen Turai wanda ba shi da bizar Schengen yakan kwana ne a kan kujera, ko da kamfanin ya yarda zai biya otal. Kuma girman fili ba kariya ba ne. Ranar 16 ga Afrilun 2024 aka yi ruwan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba ta ga irinsa ba tun da aka fara ajiye ƙididdiga a 1949, inda wani wuri kusa da Al Ain ya sami sama da milimita 250 cikin ƙasa da kwana ɗaya. Ruwa ya malale filin jirgin Dubai da hanyoyin da ke kaiwa gare shi, har matuƙa da ma'aikata suka kasa isowa. Shugaban kamfanin Emirates, Tim Clark, ya bayyana daga baya cewa sun soke tashi kusan 400, sun kama ɗakunan otal 12,000, sun raba takardun abinci 250,000, kuma duk da haka dubban mutane sun kwana a ƙasa, kaya kuma sun yi kwanaki kafin su riski masu su. A irin wannan rana layin kanta yakan kai awanni, kuma wanda ya tsaya a layi yana kuma gwada manhajar kamfanin a wayarsa ko yana kiran ejansa a gida shi ne kan riga samun kujerar da ta rage.

Jakar hannu ce ke ɗaukar nauyin irin wannan dare. Maganin mai ciwon suga ko hawan jini, da cajar waya, da kayan canji ɗaya, da rigar sanyi, domin Addis Ababa tana sama da mita 2,300 daga teku kuma darenta yana da sanyi, da ɗan kuɗin Dala a hannu saboda katin banki kan ƙi aiki a waje, duk bai kamata su shiga akwatin da aka miƙa a kanta ba. Dattawa masu zuwa umara, waɗanda da yawansu ba sa jin Turanci ko Larabci, su ne suka fi shan wahala idan aka sauya ƙofa ko lokaci, kuma abin yabo ne yadda matasan Hausawa da suka gamu da su a zango kan ɗauki nauyin yi musu tafinta da riƙe musu layi ba tare da sun taɓa sanin juna ba. Ya kamata masu shirya tafiyar umara su daina dogaro ga wannan kirki na baƙi, su haɗa kowace tawaga da jagora mai jin harshe.

Ta fuskar ibada, shari'a ta riga ta yi wa matafiyi sauƙi. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yawancin Hausawa, mai doguwar tafiya yana yin ƙasaru, wato mayar da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ba, kuma wanda yanayi ya tsare a zango yana sa ran tashi kowane lokaci yana cikin wannan hukunci. Mai zuwa Jidda kuwa yana da abin lura game da harami, domin ɗaura mayafan haramin biyu abu ne dabam, ƙulla niyya kuma dabam: wanda ya yi niyya tun daga Kano, sannan jirgi ya yi jinkirin kwana ɗaya ko biyu, dukan hane-hanen harami sun hau kansa tsawon wannan jira, in namiji ne ba zai sa ɗinkakken tufa ko ya rufe kansa ba ko da sanyi ya dame shi. Shi ya sa malamai da yawa kan shawarci maniyyata su sa mayafan amma su jinkirta niyya sai jirgi ya kusa daidai da miƙati.

Jaraba ta ƙarshe ita ce ta hanya. Idan aka soke jirgin Kano zuwa Abuja da yamma, kuma jirgin waje zai tashi daga Abuja da dare ko da asuba, nan take direbobi kan bayyana a bakin fili da alkawarin kai mutum cikin awa biyar ko shida. Hanyar ta haura kilomita 400, ta ratsa Zariya da Kaduna, kuma yanayin da ya hana jirgi tashi bai bar mota ba: hazo yana rage ganin direba, ruwa yana ɓoye ramuka, ga matsalar tsaro da ta sa hankali bai yarda da bin wasu sassanta da dare ba. Idan da sauran rana, ana iya zuwa Kaduna a mota a kama jirgin ƙasa na Rigasa zuwa Abuja, wanda ya fara aiki a 2016, matuƙar lokacinsa ya dace kuma an sami tikiti. Idan kuwa rana ta faɗi, abin da ya dace shi ne a kira kamfanin jirgin waje ko ejan tun kafin lokacin tashi ya yi, a nemi ɗage tafiyar, domin kuɗin sauya rana kafin jirgi ya tashi kusan kullum bai kai tarar wanda aka rubuta bai zo ba.